Yadda Ake Shirya Hutu a Otal Ɗin Manya Zalla na Bakin Teku a Zanzibar

A cikin otal-otal ɗin da ke gaɓar teku a ƙasashe masu zafi akwai wani rukuni da ya haɗa sharuɗɗa biyu: ba a karɓar yara, kuma kuɗin da baƙo ya biya tun farko ya ƙunshi ɗaki da abinci da abin sha da wasu wasanni. Kamfanin Club Med ne ya fara yaɗa tsarin biyan kuɗi a dunƙule a shekarar 1950 a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, daga baya masu otal a Jamaika suka keɓe wasu masaukai ga ma'aurata kaɗai, kamar Sandals da aka buɗe a Montego Bay a 1981. A yau ana samun irinsu a Meksiko da Maldibs da Morishiyas da sauran wurare, amma wannan jagora zai tsaya a kan Zanzibar, domin tana cikin nahiyarmu, mafi yawan mutanenta Musulmi ne, kuma jirgin Ethiopian Airlines yana ɗaukar mutum daga Kano ko Abuja ko Yamai, a sauya jirgi a Adis Ababa, a sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, daɗin irin wannan hutu ko ɓacinsa yana ƙulluwa ne tun mutum yana gida, a cikin tambayoyin da ya yi wa otal a rubuce kafin kuɗinsa su bar hannunsa.

Sharaɗin manya zalla yana bukatar ɗan bayani, saboda akwai waɗanda da zarar sun ji shi sai zuciyarsu ta raya musu cewa wurin masha'a ne. A mafi yawan lokuta ma'anarsa ba ta wuce iyakar shekaru ba, wasu otal-otal sun sa 16, wasu 18, domin baƙi su samu natsuwa a wurin ninkaya da wurin cin abinci. Duk da haka halayensu sun bambanta ƙwarai. Akwai masu shiru waɗanda da ƙarfe goma na dare ba a jin komai sai ƙarar igiyar ruwa, akwai kuma masu kiɗa har tsakar dare, kuma hoton talla ba ya rarrabe maka su. Sai ka karanta abin da baƙin watanni uku ko huɗu da suka wuce suka rubuta, ka fi mai da hankali ga masu ƙorafi, domin su ne suke ambatar hayaniya da warin ɗaki da jinkirin abinci. Kada kuma ma'aurata su yi zaton za a ɗaga musu ƙafa a kan jariri mai shan nono. Ba a yi, kuma wanda ya iso da goyo zai nemi wani masauki da sabon kuɗi. Saboda haka tun kafin a zaɓi ranar tafiya a san hannun da za a bar yara, kaka ce ko gwaggo ko inna, a kuma bar mata lambar otal ɗin.

Takardu kafin tikiti

Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewar 1964, don haka bizar Tanzaniya ake nema. Masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi, dole ne su nema ta intanet su jira amincewar hukumar shige da fice, kuma hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema tun da saura wata biyu. Ganganci ne mutum ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa alhali bizarsa ba ta fito ba. Abin da ya fi shi ne ka kama ɗaki bisa sharaɗin da ya ba ka damar fasawa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada, ka yi amfani da takardar kamun ɗakin wajen neman biza, sai ta fito sannan ka biya jirgi. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida, kuma katin rigakafin shawara ya kasance a jakar hannu, domin ana tambayar sa ga duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Tun ranar 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta kuma wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, wadda aka fara sayarwa a kan dala 44 ga kowane mutum, kuma wata inshorar da ka saya a gida ba ta maye gurbinta. A biya ta intanet kafin tafiya, a buga shaidar a takarda. Ango da amarya su tafi da takardar shaidar aure, wadda da yawa daga cikinmu ba mu damu da karɓa ba bayan ɗaurin aure, saboda otal-otal da yawa sai sun gan ta suke ba da rangwame ko kyautar sababbin aure.

Wace gaɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce wadda mutumin da ya tashi nesa da teku ba ya ma sanin ana yin ta. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana, lokacin kuma yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum, sannan cikar da janyewar sun fi tsanani a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa. A gabashin Unguja, wato babban tsibirin da ake kira Zanzibar, gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce kuma akwai shingen murjani can cikin ruwa, shi ya sa idan teku ya janye a Paje ko Jambiani ko Kiwengwa ko Matemwe sai ya yi nisan ɗaruruwan mitoci. Baƙo zai fito daga karin kumallo da tawul a kafaɗa, ya tarar wurin da ya ga shuɗin ruwa jiya da yamma ya zama fili fari fat, da 'yan kududdufai nan da can, da jiragen kamun kifi kwance a kan rairayi, da mata sanye da zannuwa masu launi suna duƙe a tsakanin turaku suna ɗaure ciyawar teku da suke nomawa. Kallo ne mai kyau, kuma ni ina ganin ya fi wurin ninkayar kowane otal ban sha'awa, amma wanda ya biya kuɗinsa don ya shiga teku duk lokacin da ya ga dama zai ji an cuce shi. Irin wannan mutum arewa ya kamata ya nufa, Nungwi ko Kendwa, inda gaɓar take da zurfi kuma ruwan ba ya tafiya nesa, musamman a Kendwa. A can ne kuma ake ganin faɗuwar rana a kan ruwa, alhali gabas fitowarta ake gani. Sai dai arewa ta fi cunkoso da kiɗa da masu talla, kuma tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a mota daga filin jirgi. Otal ɗin Riu Palace da ke Nungwi misali ne na manyan masaukai da suka haɗa sharuɗɗan nan biyu, a gabas kuma akwai ƙanana masu ɗakuna kaɗan waɗanda suka fi dacewa da mai neman shiru.

Duk inda ka zaɓa, ka sayi takalmin roba na shiga ruwa, domin a cikin duwatsun murjani akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya, wadda idan ka taka ta ƙayar takan karye a cikin tafin ƙafa.

Batun lokaci ba shi da wuya. Daminar Zanzibar biyu ce: babba daga Maris zuwa Mayu, wadda suke kira masika, da ƙarama a Nuwamba da Disamba, wadda suke kira vuli. Daga Yuni zuwa Oktoba an fi samun sanyi-sanyi da iska, Janairu da Fabrairu kuma zafi ne da rana. Farashi yana kai ƙololuwa a ƙarshen Disamba da kuma Yuli da Agusta, lokacin hutun Turawa, yana faɗuwa a Afrilu da Mayu, lokacin da wasu otal-otal ma suke rufewa don gyara. Wanda yake son sauƙin kuɗi ba tare da ya kwana yana kallon ruwan sama ta taga ba, ya duba Yuni ko Oktoba.

Abin da "an biya komai" yake nufi

Idan kun isa, bayan an ba ku jiƙaƙƙen tawul da ruwan 'ya'yan itace, yawancin manyan otal-otal za su ɗaura muku wani awarwaron roba a hannu, wanda shi ne shaidar tsarin da kuka biya. Daga nan abinci sau uku a babban zaure inda kowa ke ɗiba da kansa, da shayi da lemo da ruwa da ɗan abin taɓawa tsakanin abinci, duk sun shiga. Abin da ke biyo baya kuwa ya danganta da otal, kuma a nan ne ake yi wa mutum sakiyar da ba ruwa. Tausa da gyaran jiki, da wanki da guga, da yawon buɗe ido a waje, da nutso da tukunyar iska, da kai abinci ɗaki, da motar ɗauko ku daga filin jirgi, galibi ba sa ciki. Ƙananan gidajen abinci na musamman da ke cikin otal wani lokaci sau ɗaya kawai ake ba baƙo damar shiga kyauta a mako, kuma sai ya kama wuri tun da wuri. Akwai kuma harajin gwamnati na 'yan daloli a kan kowane mutum a kowane dare, wanda sau da yawa a teburin karɓar baƙi ake biyan sa ba a cikin kuɗin ɗaki ba. Na taɓa zama a wani otal inda ma'aikaci ya zo da fara'arsa ya ce yau akwai gasasshen manyan jatan lande a bakin ruwa, muka ci muka yaba, sai a ƙarshe ya miƙo 'yar takarda in sa hannu. Ban karanta ba, na ɗauka shaidar cin abinci ce, sai ranar tafiya na gan ta a cikin lissafi. Tun daga ranar na koyi cewa duk abin da aka ce ka sa masa hannu da lambar ɗaki, to kuɗi ne, kuma tambayar "wannan yana cikin abin da na biya?" ba abin kunya ba ce, ma'aikatan sun saba jin ta.

Akwai wani lissafi da ya shafi mafi yawan masu karanta wannan rubutu. Wani kaso na kuɗin wannan tsari na giya ne, domin an gina farashin a kan baƙon da zai wuni yana sha, kuma wanda ba ya sha yana taya wani biya ne kawai. Saboda haka kafin ka amince, ka tambayi otal farashin ɗaki da abinci sau uku ba tare da giya ba, da kuma farashin ɗaki da karin kumallo da abincin dare kawai, ka kwatanta su da na dunƙule. A misali, idan bambancin tsakanin dunƙule da mai abinci biyu dala 60 ne a kowane dare ga mutum biyu, ka tambayi kanka ko abincin rana da lemo da shayin da za ku sha za su kai haka, ka kuma tuna cewa ranakun da kuka fita yawo ba za ku ci abincin ranar otal ba. Idan otal ɗin yana keɓe ne, babu gidan abinci kusa, tsarin dunƙule ya fi kwanciyar hankali, domin mai saye a irin wannan wuri ba shi da zaɓi kuma farashin kwalbar ruwa ma yakan ba da mamaki. Idan kuwa a Nungwi ne ko Paje inda gidajen abinci suke jere, mai yiwuwa ne ka ga biyan dunƙule asara ce.

A cikin saƙon da za ka aika ka haɗa da batun nama. Kasancewar mutanen tsibirin Musulmi ba ya nufin kowane otal yana bin ƙa'idar halal, saboda da yawa mallakar kamfanonin waje ne kuma baƙinsu Turawa ne, ana kuma ajiye naman alade a teburin karin kumallo. Ka tambaya ko naman shanu da kaji yankan Musulmi ne, ko ana raba tukwane da cokula, ko kuma ana sa giya a miya da kayan zaƙi. Ka roƙi a kwashe giyar da ke cikin ƙaramin firjin ɗaki kafin ku iso. Idan amsa ba ta gamsar ba, kifi yana nan a wadace, da shinkafa dafa-duka mai kayan ƙamshi da suke kira pilau, da miyar kwakwa. Ga maigidan da iyalinsa ba za su sake a wurin ninkayar jama'a ba, akwai ɗakuna masu nasu ƙaramin wurin wanka a killace, sai dai a nemi hoton katangar, domin wasu killacewar tasu ba ta wuce 'yan shuke-shuke ba. Ka ajiye duk amsoshin a wayarka, saboda ma'aikacin da zai karɓe ku ba lallai ne ya zama wanda ya rubuto maka ba.

Zaman otal ɗin

Ranar farko a yi ta a hankali. Ba a cika ba da ɗaki kafin ƙarfe biyu ko uku na rana ba, don haka wanda jirginsa zai sauka da asuba ya sa kayan sauyawa a jakar hannu, ya kuma sani cewa agogon can yana gaban namu da awa biyu. Bayan an huta, a je a kama wurare a gidajen abinci na musamman don dukan makon, a ɗauki hoton jadawalin cika da janyewar teku da ake liƙawa kusa da teburin baƙi, a kuma sa fasfo da kuɗi a akwatin ƙarfe na ɗaki. Ranar bakin teku tana ƙona baƙar fata ma, musamman kafaɗa da hanci da bayan wuya, don haka man kariya daga rana da hula ba kayan Turawa kaɗai ba ne. Ruwan kwalba za a sha, kuma a kwana cikin gidan sauro ko da ɗakin yana da na'urar sanyaya wuri. Wanda bai iya ninkaya ba kada kunya ta hana shi sa rigar da ke hana nutsewa, kuma kada ya yi nisa a filin da teku ya bari, domin idan ruwan ya juyo yakan cika ramukan da ke bayan mutum kafin ya ankara.

Mai salla zai gamu da abin da zai ɗan rikita shi. Mun saba fuskantar gabas, amma Zanzibar tana kudu da Makka kusan a kan layi ɗaya, saboda haka alƙiblarta arewa ce. Kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye a wuri ɗaya ba ya ƙasaru, to mai hutun mako guda cika sallarsa zai yi. Ranar Juma'a ma'aikatan otal da kansu za su nuna maka masallacin ƙauyen, kuma a can za ka ji kalmomin da kunnenka ya sani, irin su Alhamisi da Ijumaa da habari, waɗanda Suwahili da Hausa suka aro daga Larabci. Hattara kawai da lissafin lokacinsu, wanda yake farawa daga fitowar rana: idan direba ya ce saa moja, wato awa ɗaya, ƙarfe bakwai yake nufi.

Babban aibin wannan irin hutu shi ne yana iya kulle mutum a cikin katanga, ya dawo gida bai ga Zanzibar ba sai ma'aikata masu inifom. A mako guda a ware aƙalla kwana biyu na fita. Ɗaya na tsohon birnin da ake kira Mji Mkongwe, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, mai lunguna matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa, da cocin Angilikan da aka gina a wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, da kasuwar abincin dare ta Forodhani. A hanya a tsaya a gonar kayan ƙamshi a ga kanumfari da kirfa a jikin bishiyarsu, abin da muka saba gani a ƙulle a leda a wurin mai kayan yaji. Ɗaya kwanan kuma na dajin Jozani ne mai jajayen birai da ba a samun irinsu sai a tsibiran Zanzibar, ko na shiga jirgin ruwa zuwa kusa da ƙaramin tsibirin Mnemba don leƙen kifaye da gilashin ruwa. Yawon da otal ke shiryawa ya fi tsada, na samarin da ke tare baƙi a bakin teku ya fi araha amma babu wanda za ka kama idan an saɓa alkawari. Matsakaiciyar hanya ita ce kamfani mai rajista da ofis, a yi ciniki a gama kafin a hau mota, kuma kada a biya duka sai an dawo. A wajen otal a rufe kafaɗa da gwiwa, a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane, idan kuma watan azumi ne ba a ci ko sha a bainar jama'a da rana.

Tukwici ba dole ba ne, amma ma'aikatan da ke gyara ɗaki da masu kawo abinci suna dogara da shi, kuma ƙaramin abu a kai a kai ya fi babban abu a ranar ƙarshe amfani gare ka. Ka canza wani abu zuwa shilin ɗin Tanzaniya don saye-sayen waje, ka kuma taho da sababbin takardun dala, domin tsofaffi da yagaggu ba sa karɓuwa. Kada ka dogara da katin banki ɗaya, ka tabbatar da iyakar abin da bankinka ya yarda ka kashe a ƙasar waje tun kafin ka tashi.

A daren ƙarshe, ba da safen tafiya ba, ka je ka karɓi lissafin ɗakinka ka bi shi layi-layi, domin gyara kuskure yana da sauƙi idan mota ba ta tsaye tana jiran ka. Ka tambayi ƙarfe nawa ake barin ɗaki da kuma ƙarfe nawa awarwaron hannunka yake daina aiki, saboda a wasu wuraren abincin ranar tafiya ba ya cikin kuɗin, ko da jirginka na dare ne. Wajen haɗa kaya, murjani da bawon halittun teku a bar su inda aka gan su, domin fitar da su yana iya jawo matsala a filin jirgi. Tsaraba ta kanumfari da kirfa da zanen kanga ta isa, kuma a zuba su a jakar yadi ko ta takarda, tunda Tanzaniya ta haramta jakar leda tun watan Yunin 2019.